Abin da Ya Sauya a Cikin Jikin Sauro Har Ya Daina Jin Magani

Gidan sauro mai magani aiki biyu yake yi. Raga ce da ke tare sauro, kuma tarko ne, domin numfashi da warin jikin wanda ke kwance a ciki su ke jawo macen sauro ta zo ta sauka a kan zaren da ke ɗauke da guba, gubar ta ratsa ta ƙafafunta. Wannan aiki na biyu shi ya sa gidan sauro ke kare har maƙwabcin da bai rataya ba, kuma shi ne aikin da ke lalacewa yanzu. Wani lissafi da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo shi. Gidajen sauron wancan lokaci kuwa dukkansu rukunin guba ɗaya ne a jikinsu, wato firetiroid, dangin fametirin da deltametirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 2010 zuwa 2020, ƙasashe 78 cikin 88 da suka kai rahoto sun tabbatar da sauron da ke bijire wa aƙalla rukuni ɗaya na maganin ƙwari, 29 daga cikinsu kuma sun same shi yana bijire wa duka manyan rukunai huɗu: firetiroid, dangin DDT, kabamet da oganofosfet.

A baki magana ɗaya ce, "sauro ya daina jin magani". A cikin jikin sauron kuwa abubuwa ne daban-daban, kuma kowanne da abin da ke karya shi. Wanda bai san wane enzayim ne ya sauya a sauron yankinsa ba yana iya kashe kuɗi masu yawa a kan gidan sauron da ba zai ƙara komai ba, ko ma ya haɗa magunguna biyu da ɗaya ke rage ƙarfin ɗaya.

Sauro ba ya sabawa da guba yadda harshe ke sabawa da yaji. Abin da ke faruwa tankaɗe ne. A cikin dubban sauro akwai 'yan ƙalilan da suka gaji wani ɗan bambanci tun kafin a zo da magani. Feshi ya kashe saura ya bar su, mace ɗaya tana zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kuma bai fi kwana goma ba a lokacin zafi. Damina biyu ko uku sun isa abin da yake tsiraru ya zama shi ne gama-gari. An ga haka da wuri a ƙasar Hausa. A 1954 aka fara gwajin feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi, zuwa 1955 kuwa Anopheles gambiae, sauron da ke yaɗa zazzaɓi, ya riga ya daina jin maganin diyeldirin a yankin.

Shi enzayim furotin ne da ke gaggauta juya wani sinadari zuwa wani. Doguwar sarƙa ce ta amino asid, ɗaruruwa a jere, wadda ta nannaɗe ta bar wani ɗan rami inda sinadarin da za a sarrafa yake shiga ya zauna daidai. Tsarin jerin yana rubuce a ƙwayar gado, kowane amino asid da kalmarsa mai haruffa uku a DNA. Sauyi yana zuwa ta fuska uku. Ko dai jiki ya riƙa ƙera enzayim ɗin da yawa fiye da da, ko ramin enzayim mai narka guba ya sake siffa ya fi dacewa da gubar, ko kuma enzayim ɗin da gubar take nufin kashewa ya sake siffa har gubar ta kasa kama shi. Sau da yawa sauro ɗaya yana ɗauke da biyu ko duka ukun.

Babban mai laifi: saitokirom P450

Sunan daga awon ɗakin gwaji ya fito, domin idan enzayim ɗin ya kama iskar kabon monoksaid yana shan haske a ma'aunin nanomita 450. A tsakiyarsa akwai ƙwayar ƙarfe guda cikin wani zobe irin wanda ke sa jini ja. Yana ɗaukar iskar oksijin, ya raba ta biyu, ya maƙala rabi a jikin sinadarin da ya shigo raminsa, rabin kuma ya zama ruwa. Ba ya aiki shi kaɗai: akwai wani furotin abokin aikinsa da ke miƙo masa wutar da yake buƙata, kuma da masu bincike suka rage wannan abokin a jikin Anopheles gambiae, sauron ya fi saurin mutuwa da fametirin.

Me ya sa ƙwayar oksijin ɗaya take da wannan tasiri? Firetiroid guba ce mai son kitse, ba ta narkewa a ruwa. Da haka take ratsa kakin da ke fatar sauro, ta isa jijiya, ta maƙale a ƙofar da sodiyam ke bi, ta hana ƙofar rufuwa, jijiya ta yi ta harbi babu tsayawa har sauro ya faɗi. Da zarar P450 ya liƙa mata oksijin, sai ta fara karkata ga ruwa, ta rage dacewa da ƙofar jijiya, wasu enzayim kuma su ƙara mata kaya a fitar da ita ta bututun da ke yi wa ƙwaro aikin ƙoda. Tsere ne tsakanin gubar da ke shiga ta ƙafa da wadda ake narkarwa a hanji da kitsen ciki. Idan narkarwa ta fi shiga sauri, abin da zai isa jijiya ba zai kai na kisa ba.

Anopheles gambiae yana da ƙwayoyin gado na P450 guda 111. Aedes aegypti mai yaɗa shawara da dengi yana da kusan 160, Culex quinquefasciatus, sauron kwata mai damun mutane da kuka a kunne, yana da fiye da 200. Akasarinsu ba ruwansu da maganin ƙwari, aikinsu sarrafa sinadaran jiki ne da gubar ganyayen da tsutsar sauro ke haɗuwa da ita a ruwa. Waɗanda aka kama da hannu dumu-dumu 'yan kaɗan ne, kuma sunayensu ne ke ta maimaituwa daga ƙasa zuwa ƙasa: CYP6P3, CYP6M2, CYP9K1 da CYP6AA1 a dangin gambiae, sai CYP6P9a da CYP6P9b a Anopheles funestus, wani sauron zazzaɓin daban.

Labarin funestus a Afirka ta Kudu ya cancanci a tsaya a kansa. Feshin DDT na shekaru ya kori wannan sauro daga ƙasar. A 1996 aka ajiye DDT aka koma deltametirin. Zuwa 1999 an sami funestus zaune a cikin ɗakunan da aka yi wa feshi a lardin KwaZulu-Natal, kusa da iyakar Mozambik, a shekarar 2000 kuma masu zazzaɓin a ƙasar suka haura 60,000. Da aka dawo da DDT a wannan shekarar, cutar ta sauka. Abin lura shi ne DDT da firetiroid ƙofa ɗaya suke kai wa hari a jijiya. Da a ce ƙofar ce ta sauya, da duka biyun sun gaza tare. Amma ƙofar tana nan yadda take, P450 ne ya ƙaru, kuma irin wanda ya ƙaru ɗin yana cin firetiroid ya bar DDT. Sanin hanyar bijirewar shi ya nuna mafita.

Da aka bi diddigin wannan sauro a Mozambik da Malawi, an tarar CYP6P9a da CYP6P9b, waɗanda ke maƙwabtaka a kuromosom ɗaya, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, sun sauya ta fuska biyu lokaci guda. Na farko, makunninsu, wato ɗan yankin DNA da ke gaban ƙwayar gado yana ƙayyade yawan abin da za a ƙera, ya sauya har ana ƙera su ninki gommai fiye da na sauro mai jin magani. Akwai ma wani gutsuren DNA mai haruffa kusan 6,500 da ya kutsa tsakanin su biyun yana ƙara ingiza su. Na biyu, su kansu enzayim ɗin sun sake siffa. Aikin da Sulaiman Sadi Ibrahim na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi tare da ƙungiyar Charles Wondji a Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa amino asid uku kacal a CYP6P9b, a gurbi na 109 da 335 da 384, su ke bambanta enzayim mai narka firetiroid da kyau da wanda ba ya taɓuka abin kirki. An tabbatar da hakan ta hanyar sauya gurabun ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji ana auna abin da ya rage na ƙarfin enzayim ɗin. Daga baya, a bukkokin gwaji na Kamaru, inda ake gwada gidan sauro da mutum kwance a ciki, an ga sauron da ya gaji wannan nau'i ta uwa da uba ya fi saura tsira daga gidan sauro mai firetiroid zalla, ya kuma fi su samun shan jini.

A dangin gambiae akwai hanya ta uku ta ƙara yawa, wato maimaita ƙwayar gadon kanta. Maimakon kwafi ɗaya na CYP6AA1 ko CYP9K1, sai a sami biyu ko fiye a jere. An ga irin wannan maimaici ya faru sau da dama, a wurare daban-daban, ba tare da ɗaya ya gaji ɗaya ba, alamar cewa matsin da maganin ke yi ba ƙarami ba ne.

Abin da ya sa P450 ya fi sauran haɗari shi ne raminsa ba ya tsantseni. CYP6M2 yana narka fametirin da deltametirin, an kuma nuna yana taɓa DDT. CYP6P3 yana narka firetiroid, yana kuma narka bendiyokab, wanda kabamet ne, ba su haɗa komai da firetiroid ba ta fuskar inda suke kai hari. A Tiassalé, yankin noman shinkafa a kudancin Kwaddibuwa, an ruwaito a 2012 sauron da ke bijire wa duka rukunai huɗu, kuma waɗannan biyun suna cikin abin da aka samu ya hauhawa a jikinsa. To ka ga tsarin karɓa-karɓa da ake ba da shawara, bana a fesa wannan rukuni baɗi a fesa wancan, an gina shi ne bisa zaton cewa rukuni daban yana nufin hanyar bijirewa daban. Inda P450 mai faɗin baki ya yi ƙarfi, ana iya sauya rukuni a takarda alhali a cikin jikin sauro ba a sauya komai ba.

A nan ya kamata a ambaci kdr, duk da cewa ba enzayim ba ne. Sauyi ne a ƙofar sodiyam ɗin kanta, inda amino asid ɗin lusin a gurbi na 1014 ya koma wani mai suna fenilalanin, kamar yadda aka gano a Afirka ta Yamma a 1998, ko ya koma serin, kamar yadda aka gano a Kenya a 2000. Shekaru da dama rahotanni sun cika da kdr har ya zama kamar shi ne bijirewar gaba ɗaya. Dalilin bai wuce sauƙin awo ba: busasshen sauro a cikin ɗan bututu ya isa a ciro DNA a duba harafi ɗaya. Auna yawan P450 kuwa sai da sauro ɗanye da aka adana a sanyi mai tsanani ko cikin ruwan adana RNA, da irin sauron ɗakin gwaji mai jin magani da za a kwatanta da shi, kamar irin Kisumu ko na Ngousso. An auna abin da ke da sauƙin aunawa, aka ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa. Shi kaɗai kdr kariyarsa matsakaiciya ce. Idan ya haɗu da P450 ne abin ke ninkuwa, domin jijiyar da ta jure na ɗan lokaci tana ba enzayim sararin gama aikinsa. Funestus ya kai matuƙa wajen bijire wa firetiroid a kudancin Afirka ba tare da kdr ba ko kaɗan.

Estares da GST

Estares wani enzayim ne da ke yanke wani haɗi a jikin sinadari ta amfani da ruwa. Da oganofosfet kuwa abin da yake yi ya fi kama da soso: yana cafke gubar da sauri, amma sakinta yana ɗaukar lokaci mai tsawo, don haka kusan kowane enzayim ɗaya guba ɗaya yake ɗaukewa ya mutu da ita. Kariyar da ke aiki ta wannan hanya sai da yawa, kuma yawan ne aka gani. A 1986 aka ruwaito wani Culex daga Kalifoniya da ke ɗauke da kwafi kusan 250 na ƙwayar gadon estares guda. A 1991 kuma aka nuna cewa wani nau'in wannan maimaici da aka samu a Afirka da Asiya da Amurka asalinsa ɗaya ne, sau ɗaya ya faru, jiragen ruwa da na sama suka raba shi duniya. A Anopheles ma an fara danganta maimaicin wasu estares da raguwar jin firimifos-metil, maganin da aka fi dogara da shi a feshin gidaje bayan firetiroid ya gaza.

GST kuwa wani dangin enzayim ne, sanannen aikinsa shi ne cire wa DDT ƙwayar haidirojin da ta kulorin, ya mayar da shi DDE wanda ba ya kashe sauro. Fitaccensu GSTe2 ne. A Pahou ta Jamhuriyar Benin an sami funestus da DDT ba ya yi masa komai, kuma da aka duba siffar enzayim ɗin a 2014, sai aka ga lusin a gurbi na 119 ya koma fenilalanin, abin da ya buɗa ramin har DDT ke shiga ya zauna sosai. Sauro iri ɗaya ke nan da na KwaZulu-Natal, amma maganin da ya ceci can ba zai yi aiki a nan ba.

Enzayim ɗin da ake hari

Kabamet da oganofosfet ba ƙofar sodiyam suke nema ba. Abin harinsu enzayim ne mai suna asetilkolinestares, wanda ke share sinadarin da jijiya ke aika saƙo da shi zuwa ta gaba, dubbai a daƙiƙa guda. Idan guba ta toshe shi, saƙo ya taru, jiki ya sanƙare. Wurin aikinsa yana can ƙasan wani rami mai zurfi da ƙunci. A 2003 aka gano cewa a Anopheles gambiae da Culex pipiens duka, gilaisin da ke gurbi na 119 ya koma serin. Gilaisin shi ne mafi ƙanƙanta cikin amino asid, serin ya ɗan fi shi jiki, wannan ɗan ƙarin ya isa ya matse wurin har gubar ta kasa zama.

Harafi ɗaya ne ya sauya, GGC ta koma AGC. Wani abin sha'awa shi ne a Aedes aegypti kalmar da ke wannan gurbi GGA ce, ita ma gilaisin take nufi, amma sauya harafi ɗaya ba zai kai ta ga serin ba, sai biyu. Shi ya sa wannan sauyi bai zama matsala a Aedes aegypti ba duk da shekarun da aka yi ana zuba masa oganofosfet.

Sauyin yana da tsada. Ramin da ya matse wa guba ya matse wa aikin gaskiya ma, ƙarfin enzayim ɗin yana raguwa da fiye da rabi, kuma sauron da ya gaje shi ta ɓangare biyu ya fi mutuwa tun kafin ya fito daga ruwa. A ƙa'ida wannan labari ne mai daɗi, domin in aka daina feshin na 'yan shekaru sai masu sauyin su ragu da kansu. Sai dai sauron Afirka ta Yamma ya sami hanyar kaucewa. A Kwaddibuwa da Burkina Faso da maƙwabtansu an sami maimaicin wani yanki mai haruffa kusan 200,000, wanda ya ajiye kwafi mai jure guba da kwafi na asali a kan kuromosom ɗaya. Ɗaya yana aikin yau da kullum, ɗaya yana jiran ranar feshi, kuma tare ake gadonsu. Tsadar ta ragu, fatan cewa bijirewar za ta gushe da kanta shi ma ya ragu.

Akwai kuma wasu P450 biyu, CYP4G16 da CYP4G17, da ba sa narka guba sam. Kakin fata suke ƙerawa, kuma an sami sauro mai bijirewa da fatar ƙafa mai kauri wadda ke rage saurin shigar magani. A tseren da aka ambata, wannan rage gudun abokin hamayya ne.

Yadda ake ganewa a aikace

Gwajin da aka fi yi shi ne na bututun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana ɗebo tsutsar sauro daga kududdufai da fadamun shinkafa, a raine ta har ta fashe, a zaɓi mata masu kwana 3 zuwa 5 waɗanda ba su taɓa shan jini ba. Ana zuba 20 zuwa 25 a kowane bututu, huɗu masu takardar magani, biyu na shaida masu takarda da mai kawai. Ƙarfin takardun ƙayyadadde ne: fametirin kashi 0.75 cikin ɗari, deltametirin 0.05, DDT 4, bendiyokab 0.1. Awa ɗaya suke yi a jikin takardar, sannan a mayar da su bututu mai tsabta, a ɗora audugar da aka jiƙa da ruwan sukari kashi 10 cikin ɗari a kan ragar bakin, a ƙirga matattu bayan awa 24. Mutuwar kashi 98 zuwa sama na nufin suna jin magani, 90 zuwa 97 abin zargi ne sai an sake, ƙasa da 90 bijirewa ta tabbata. Idan na bututun shaida suka mutu tsakanin kashi 5 da 20, ana gyara lissafi da ƙa'idar Abbott, in sun haura 20 an zubar da gwajin ke nan.

Kurakuran da ke ɓata sakamako sanannu ne. Shekarun sauro na farko: tsoho ya fi saurin mutuwa, don haka wanda ya gwada sauron da ya kamo a ɗaki, mai gauraye da tsofaffi, zai ga kamar magani na aiki fiye da gaskiya. Zafi na biyu: ana son ɗaki ya tsaya kusa da digiri 27 da danshi kusan kashi 75, abin da ba ya samuwa a watan Afrilu a Kano ko Damagaram sai da na'urar sanyaya ɗaki da tawul mai jiƙe a kan bututun. Sai takarda: daga wata jami'a a Penang ta Malesiya ake samo ta, a firiji ake ajiye ta, kuma ba a amfani da ɗaya fiye da sau shida. Sai kuma rashin tantance iri, domin gambiae da danginsa coluzzii da arabiensis ido ba ya raba su, suna iya fitowa daga kududdufi ɗaya, kowanne da irin bijirewarsa.

Wannan gwaji yana cewa akwai bijirewa ne kawai. Don sanin ƙarfinta ana maimaitawa da takarda mai ninki 5 da mai ninki 10. Don sanin musabbabinta kuma ana fara sa sauron awa ɗaya a jikin takarda mai kashi 4 cikin ɗari na PBO, wani sinadari mai toshe P450, sannan a kai shi ga firetiroid, a kwatanta da wanda bai bi ta PBO ba. Shi PBO ba ya kashe sauro a wannan ƙarfi. Yana shiga ramin P450 kamar abin narkarwa, enzayim ɗin ya fara sarrafa shi, sai abin da ya fito ya manne wa ƙwayar ƙarfen ya ƙi saki. Idan mutuwa ta tashi daga kashi 30 ta koma kusan 100, P450 ne ke riƙe da bijirewar. Idan ta tashi zuwa 60 ta tsaya, yana da hannu amma ba shi kaɗai ba ne. Idan ba ta motsa ba, a nemi dalili a wani wuri, kuma gidan sauro mai PBO ba zai biya kuɗinsa a wannan yanki ba. Akwai makamantansa na sauran enzayim, DEF na estares da DEM na GST. Binciken da aka yi a Auyo ta Jigawa da Bunkure ta Kano ya sami coluzzii mai tsananin bijire wa DDT da firetiroid tare da kdr mai yawa, na baya-bayan nan a Sahel ɗin Najeriya da Nijar kuma ya nuna PBO yana dawo da wani kaso na mutuwar, wato hanyoyin biyu suna tafe tare.

Asalin dabarar PBO ma ba nesa take da mu ba. Tun wajajen 1940 aka lura man riɗi yana ƙara wa maganin ƙwari na furen firetirum ƙarfi, kuma zoben sinadarin da ke yin wannan aiki a riɗi shi ne ke jikin PBO.

A Muleba ta Tanzaniya, gwajin da aka wallafa a 2018 ya kwatanta gidan sauro na Olyset Plus, mai fametirin kashi 2 da PBO kashi 1, da Olyset na da mai fametirin zalla. Yaran da ke ƙauyukan mai PBO sun fi ƙarancin ƙwayar cutar a jini a shekarar farko da ta biyu. Rauninsa shi ne PBO yana barin zare da sauri fiye da firetiroid, musamman da yawan wanki da sabulu mai ƙarfi da shanya a rana, don haka gidan da aka ƙiyasta wa shekara uku yana iya komawa na firetiroid zalla kafin lokacin. A PermaNet 3.0 kuma rufin sama kaɗai ke da PBO, bisa hujjar cewa can sauro ya fi sauka, inda zafi da numfashin mai barci ke tashi.

Inda ƙaiƙayi ke komawa kan masheƙiya

Wasu magungunan ba guba ba ne sai an sarrafa su a cikin jikin ƙwaro, kuma P450 ne ke sarrafawar. Kilofenafir haka yake. P450 ya cire masa wani reshe, ya zama sinadarin da ke lalata aikin mitokondiriya, inda tantani ke samar da ƙarfinsa, sauro ya ƙare kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Ba ruwansa da jijiya, don haka kdr ba ya kare sauro daga gare shi, yawan P450 ma ba kariya ba ce. Gidan sauro na Interceptor G2 yana ɗauke da miligiram 200 na kilofenafir da 100 na alfa-saifametirin a kowace murabba'in mita. A Misungwi ta Tanzaniya ya rage kamuwar yara da kashi 44 cikin ɗari a shekara biyu idan aka kwatanta da gidan firetiroid zalla, a Benin kuma da kashi 46, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi cikakken goyon baya a 2023. Kisansa a hankali yake, sai an jira awa 72 kafin a ƙirga, kuma ya fi aiki a kan sauron da ke tashi da dare yana ƙona ƙarfi. Wanda ya gwada shi da rana na minti uku ya ƙirga washegari zai yanke masa hukuncin da bai dace ba.

Firimifos-metil da malatiyon su ma sai P450 ya musanya musu sulfa da oksijin kafin su yi kaifi. An nuna a ɗakin gwaji cewa sauron da aka sa ya ƙera CYP6M2 da yawa ya tsira daga fametirin amma ya fi saurin mutuwa da malatiyon. Ga inda haɗin gambiza ke iya cutarwa: a ɗakin da aka fesa firimifos-metil kuma aka rataya gidan sauro mai PBO, PBO na iya danne enzayim ɗin da feshin ke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da shawarar kada a haɗa su a yanki ɗaya, kuma gwajin bukkoki a Benin ya nuna alamar wannan karo.

Duk wannan lissafi na ɗakin kwana ne, alhali rabin rayuwar sauro a ruwa take. Tsutsar da ke fadamar shinkafa ko gefen gonar auduga da tumatir tana wanka da ragowar lamda-saihalotirin da saifametirin da manomi ya fesa, da wanda ya zuba lokacin da ya wanke tankin feshinsa a bakin rafi. Gubar a nan tsarma-tsarma ce, ba ta kashe duka, irin wadda ta fi dacewa da tankaɗe, kuma maza da mata duka take tacewa, ba macen da ta shiga ɗaki kaɗai ba. A Burkina Faso an daɗe da ganin bijirewa ta fi tsanani a yankunan auduga. A 2017 aka amince da kulotiyanidin don feshin gidaje, rukuni sabo fil a harkar lafiya, amma manoma sun daɗe suna amfani da danginsa. Da aka gwada shi a kan gambiae daga wata unguwar masu noman kayan lambu a gefen Yawunde, inda ba a taɓa fesa shi a ɗaki ba, wani kaso na sauron ya tsira, kuma da aka fara bi da su ta PBO sai suka koma mutuwa.